Sunan Yanka na Inji: Yadda Ake Karanta Lambarsa da Gane Kayan da Ke Shiga Juna

A wani gareji da ke Pantami, ba nisa da filin wasa, na ga inji ya kwana goma sha ɗaya a kan tsohuwar taya, lulluɓe da buhu. Ɗan Beljiyam ne fes, ko ɗigon baƙin mai babu a jikinsa. Mai shi direban Sharon ne da ke jigila tsakanin Gombe da Biu. Injinsa ya buga a hanya bayan an wuce Dadin Kowa, aka jawo motar, ya ci bashi, ya buga waya Kano ya ce a aiko masa da injin Sharon mai lita biyu. Kwana uku sai ga inji. Bakaniken ya yaye buhun, ya zagaya shi sau biyu, ya tsuguna ya leƙa ta wajen da giya ke kamawa, sannan ya miƙe yana goge hannu.

"Maigida, wannan ba zai hau ba."

"Haba Oga, ai mai kayan ya ce duk ɗaya ne."

"Jikin motar ne ɗaya. Wannan na Galaxy ne."

Gaskiyar bakaniken ce. Volkswagen Sharan da Ford Galaxy da SEAT Alhambra daga masana'anta ɗaya suka fara fitowa, a Palmela ta ƙasar Fotugal, tun 1995 da 1996, kuma mu nan duk Sharon muke ce musu. Ƙofa da gilashi da kujeru da mafi yawan kayan ƙafa suna shiga juna. Injin dizal mai lita 1.9 da injin VR6 mai lita 2.8 ma na Volkswagen ne a jikinsu. Amma a na fetur mai silinda huɗu kowa da nasa: Sharan tana ɗauke da injin Volkswagen mai lambar ADY, mai bel, Galaxy kuwa Ford ya sa mata nasa mai lita 2.0 ko 2.3, mai sarƙa. Mazauninsu daban, giyarsu daban, wayarinsu daban. Da direban ya furta haruffa uku kawai a waya, da bai yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa da aikin mako biyu ba.

Mu mutane ne masu son laƙabi. Camry ta 2002 zuwa 2006 Big Daddy ce, ta 2007 zuwa 2011 Muscle, Honda ta 2003 EOD, bas ɗin Hiace mai faɗin goshi Homa. Laƙabin yana da amfani a tasha da majalisa, amma jikin mota yake kira. Inji yana da nasa sunan yanka, wanda masana'anta ta buga masa a ƙarfe ranar da aka haɗa shi, kuma sunan nan yana faɗin danginsa da girmansa da yadda yake shan mai. Mota ɗaya tana iya zuwa da inji iri uku ko huɗu, inji ɗaya kuma yana iya zama a cikin motoci goma masu suna daban-daban. Ga kuma abin da ya fi kama mu: motar da ta shigo ta Kwatano ko Legas, ta yi hannu uku kafin ta iso Gombe, ba lallai injin da ke cikinta ya zama wanda ta fito da shi ba.

Kada a rikita wannan da lambobin da na'urar bincike ke nunawa idan fitilar inji ta kama, irin su P0300 ko P0171. Waɗancan lambobin ciwo ne, ana karanta su ta soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Maganarmu a nan ta sunan injin ce.

Inda sunan yake

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce wadda aka buga a jikin bulok. Akwai wani ɗan fili da aka shafe sumul, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, galibi kusa da inda inji ya haɗu da giya. A nan za ka ga layi biyu ko jere ɗaya mai tsawo: farko sunan injin, sannan lambar da ta keɓanta da shi kaɗai. A garin nan ƙurar hunturu da baƙin mai kan haɗu su yi masa ɓawo, sai ka rantse babu komai a wurin. A bari inji ya huce. A jiƙa tsumma da ɗan fetur a goge, a bi da buroshin ƙarfe a hankali, sannan a murza alli a share da yatsa. Allin zai maƙale a cikin ramin haruffan su fito fari tas. Inda ido ba ya kaiwa, a zura waya a ɗauki hoto da fitila.

Bayan wannan akwai takardun da aka liƙa. Motocin Amurka suna da ɗaya a cikin bonet mai faɗin girman inji, Toyota na Turai da Japan suna da farantin da ke ɗauke da sunan injin ɓaro-ɓaro. Volkswagen kan liƙa tata a but kusa da safaya, da kuma kan murfin taimin bel. Duk suna da amfani, sai dai bonet ana canza shi bayan haɗari, murfin roba kuma ana ɗauko shi daga wata mota. Idan takarda da ƙarfe suka saɓa, ƙarfe ake bi.

Karatun Toyota

Da Toyota zan fi daɗewa, don ita ta cika titunanmu daga Jekadafari har Tashan Dukku. Ɗauki 1ZZ-FE, injin Corolla ta 2003 zuwa 2008. Haruffan tsakiya, ZZ, su ne dangi. Lambar farko tana nuna na nawa ne a gidan, wato wanda aka fara fitarwa ko wanda ya biyo baya. Abin da ke bayan karan ɗori sifofinsa ne. F na nufin kamshaf biyu a sama da bawul a tsuke, an yi shi don tattalin mai. G ma kamshaf biyu ne, amma an buɗe shi don gudu. E na nufin nozul na lantarki ke ba shi mai, ba kafireto ba. T turbo ce. S idan ta zo kafin E, mai yana fesuwa kai tsaye cikin silinda. X na motoci masu haɗa fetur da batir ne, irin Prius. V a ƙarshe, kamar a 2KD-FTV, dizal ne na zamani mai famfon matsin lamba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lambar farko a matsayin girma. A gidan ZZ, 1ZZ lita 1.8 ne, 3ZZ 1.6, 4ZZ kuma 1.4. A gidan AZ abin ya juya: 1AZ lita 2.0, 2AZ 2.4. A gidan MZ, 1MZ 3.0, 2MZ 2.5, 3MZ 3.3. Babu wata ƙa'ida, sai haddacewa.

Gidan ZZ ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa. 1ZZ da 3ZZ da 4ZZ duk faɗin silindarsu milimita 79 ne, kuma daga waje kamar an tsaga kara. Bambancin yana ciki, a nisan da fistin ke tafiya: 91.5 a na farko, 81.5 a na biyu, 71.3 a na uku. Ƙananan biyun daga Corolla da Avensis na Turai suke zuwa. Idan aka ɗora maka 4ZZ a matsayin 1ZZ, mota za ta tashi, za ta yi shiru, za ka biya ka tafi kana murna. Sai ran da ka cika ta da iyali ka nufi Kaltungo, ka kunna na'urar sanyi a hawa, sannan za ka ji tana nishi kamar an ɗaure mata ƙafa. Shi kuwa 2ZZ-GE, duk da sunan gidan da yake ɗauke da shi, da hannun Yamaha aka yi shi, faɗin silindarsa 82 ne, kuma kayan cikinsa ba su da haɗi da sauran.

Wani abin da zai rage wa mutum kashe kuɗi: Pontiac Vibe ta 2003 zuwa 2008, wadda ta yi yawa a garin nan, tambarinta kawai na kamfanin Amurka ne. Tagwayen Toyota Matrix ce, kuma mafi yawansu 1ZZ-FE suke ɗauke da shi. Fulogi, kwayil, famfon ruwa, gasket, duk na Corolla ne. Daga 2009 gidan ya canza zuwa 2ZR-FE, shi ma lita 1.8, amma wani dangi ne dabam, kuma kusan babu abin da ke tsallakawa tsakaninsa da 1ZZ.

2AZ-FE shi ne na Camry daga 2002 zuwa 2009, da RAV4 ta 2004 zuwa 2008, da Highlander mai silinda huɗu ta farko. Muscle ta 2010 da 2011 kuwa 2AR-FE ce mai lita 2.5, duk da jikin bai canza sosai ba. A kula da 1AZ-FSE na Avensis. Wannan S ɗin ba ado ba ce: akwai famfon mai na biyu a saman injin, nozul ɗinsa daban, kansa daban, ƙwaƙwalwarsa daban, kuma ba ya jure gurɓataccen fetur.

Masu Sienna da ke lodin Abuja da Kano su riƙe wannan. Ta 1998 zuwa 2003 1MZ-FE ce, ta 2004 zuwa 2006 3MZ-FE, ta 2007 zuwa 2016 kuma 2GR-FE mai lita 3.5, wanda ya bar bel ya koma sarƙa. A cikin 1MZ-FE kansa akwai iri biyu da suna ɗaya: marar VVT-i, kamar na Sienna kafin 2001, da mai VVT-i, kamar na Sienna daga 2001 da Lexus RX300. Ana gane mai VVT-i da ƙananan bawul na lantarki da ke cusa a kan injin, ɗaya a kowane ɓangare. 2GR-FSE na Lexus IS350 da GS350 a tsaye yake kwanciya, yana tura tayoyin baya, don haka ba abokin tafiyar Sienna ba ne ko da an ba ka shi da araha.

A Homa irin ta Gombe Line da sauran masu dogon zango, na fetur 2TR-FE ne mai lita 2.7, wanda Hilux ma ke amfani da shi, na dizal kuma 5L-E ko 2KD-FTV ko 1KD-FTV. 5L da 5L-E girmansu ɗaya, amma famfon dizal na farkon na hannu ne, na biyun lantarki ke sarrafa shi.

Toyota ta ƙara mana wata hanya. A farantin mota akwai lambar samfuri, kuma haruffanta na farko suna tona injin da ta fito da shi. ZZE Corolla ce mai ZZ, ZRE mai ZR, NZE mai NZ. ACV30 Big Daddy ce mai silinda huɗu, MCV30 mai shida. MCL20 Sienna mai 3MZ, GSL20 mai 2GR. TRH Homa ce ta fetur, KDH ta dizal. Idan farantin ya ce abu kaza, bulok ya ce wani abu, an taɓa canza injin, kuma daga nan sai a bi a hankali.

Lambar casis mai haruffa 17, wadda aka daidaita tun 1981, ita ke raba gardamar shekara. A motocin kasuwar Amurka da Kanada harafi na goma ne shekarar samfuri: W 1998, X 1999, Y 2000, sai 1 zuwa 9 na 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Wata da shekarar da ke jikin ƙofar direba ranar ƙira ce, kuma motar da aka ƙera a ƙarshen 2004 galibi samfurin 2005 ce.

Sauran gidaje

Honda da Nissan sun fi sauƙi, don su girman injin yana cikin sunan. K24A4: dangin K, lita 2.4, sauran kuma reshe ne. Shi ne na EOD ta 2003 zuwa 2005. K24A8 na 2006 da 2007 ne, kuma totur ɗinsa na lantarki ne. K24Z2 da K24Z3 na Accord ta 2008 zuwa 2012 ne, su kuma an haɗe musu mafitar hayaƙi a cikin kan injin, rami ɗaya ne ke fitowa maimakon huɗu, saboda haka kan EOD ba zai yi musu ba. Tsofaffin injinan Honda na dangin F da D da B, irin F23A na Accord ta 1998 zuwa 2002, juyawarsu ma ta saɓa da ta K, hagu suke yi. A Nissan, QR25DE na nufin dangin QR, lita 2.5, kamshaf biyu, nozul na lantarki. Haka ake karanta GA16DE da SR20DE da VQ35DE.

Volkswagen ba ta ba ka komai ka karanta. Haruffa ne kawai, sai ka san su. A Golf 3, wadda har yau take ɗaukar fasinja zuwa Kumo da Bajoga, AAM da ABS duk lita 1.8 ne masu nozul ɗaya a tsakiya, amma na farko ƙarfin doki 75 ne, na biyu 90. 2E da ADY da AGG duk lita 2.0 ne masu ƙarfi ɗaya, ƙarfensu kusan ɗaya, amma tsarin lantarkin 2E daban yake da na sauran biyun. Wannan ya sa injin Golf ko Passat mai lita 2.0 yake iya ceton Sharan, alhali na Galaxy da ke kama da ita sak ba zai iya ba.

Peugeot, Fijo a bakinmu, ta shiga jininmu tun da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa 504 a 1975, kuma sauƙin da aka saba da shi a zamanin 504 da 505, inda inji ɗaya mai lita 2.0 ya game ko'ina, shi ya sa wasu ke ɗaukar 406 haka. A Peugeot harafi na shida zuwa na takwas na lambar casis su ne injin. A 406, LFY lita 1.8 ne. RFV lita 2.0 ne na tsohon dangin XU mai bulok na baƙin ƙarfe. RFN shi ma 2.0 ne, amma na dangin EW mai bulok na alminiyam, wanda ya zo bayan gyaran fuskar 1999, kuma shi ne a 307. Harafi ɗaya ya raba su a takarda, a ƙarfe kuwa ko gasket ba su haɗa ba.

Me ke shiga, me ba ya shiga

A gareji kalma ɗaya ake yi wa abu uku. "Zai shiga" na iya nufin ƙusoshi za su kama, ko mota za ta tashi, ko za ta yi shekaru tana aiki lafiya. Mai sayarwa na farkon yake nufi, mai mota na ƙarshen yake ji. Hanyar da na ga ta fi fitar da mutum ita ce a ɗauki inji kamar mutum: akwai gangar jiki, akwai tufafi, akwai ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Gangar jiki ita ce bulok da kai da abin da ke cikinsu. Idan suna ya zo ɗaya harafi da harafi, gangar jiki galibi tana hawa, ko daga wace mota aka ciro ta. Tufafi su ne manifol na iska da na hayaƙi, totur, kaskon baƙin mai da bututun da ke zuƙo man, ƙarafan mazauni, fulayiwil, mariƙin alternato da na kwamfuresa. Waɗannan na mota ne, ba na inji ba. 2AZ-FE ɗin RAV4 da na Camry jiki ɗaya ne da tufafi daban. Injin da ya fito daga mota mai giyar hannu yana zuwa da fulayiwil mai kauri, mai otomatik kuma faranti siriri take so. Maganin duk wannan ɗaya ne: a tuɓe sabon inji, a sa masa tufafin tsohon.

Na ga amfanin wannan a kan motata. Corolla ce samfurin 2006, injinta ya gaji da shan baƙin mai, aka kawo mini 1ZZ-FE mai kyau. Da aka zo haɗawa sai ga totur ɗinsa na waya ne, irin na 2003 da 2004, alhali tawa irin ta 2005 zuwa sama ce, fedarta lantarki ce, babu wayar da za a ja. Wani ya ba da shawarar a huda a zura waya, a canza feda, a nemo wata ƙwaƙwalwa. Dattijon bakaniken da ke aikin bai ce komai ba. Ya sa yaronsa ya jawo tsohon injina daga inda aka jingine shi, ya kwance manifol ɗin da totur da nozul da wayarin gaba ɗaya, ya wanke su da fetur, ya sa sabon gasket, ya mayar a kan sabon. Kafin la'asar mota ta tashi, fitilar inji ba ta kama ba. Tun ranar nake gaya wa kowa: kada ka sayar da tsohon injinka ga 'yan gwangwan sai sabon ya yi mako biyu yana aiki.

Ƙwaƙwalwa, wadda bakanike ke kira birenbos, ita ce mai tsauri. An tsara ta ne a kan girman inji da irin nozul da irin giya da kasuwar da aka yi wa motar. A Toyota lambarta galibi tana farawa da 89661, kuma biyar ɗin ƙarshe ne ke faɗin ko taka ce. A motoci masu makulli mai guntun lantarki, ƙwaƙwalwa da makulli da akwatin tsaro a ɗaure suke da juna. A 307 har da akwatin da ake kira BSI. Ko a saye su tare daga mota ɗaya, ko a nemo mai na'urar da zai daidaita su. Yanke soket a murɗe wayoyi don a tilasta wa abin da ba nasa ba, shi ke haifar da motar da ke shan mai kamar rariya, kuma babu rewayan da zai iya gano kanta daga baya.

A cikin gangar jiki ma suna ɗaya ba ya ƙare magana. Idan an taɓa kai karanshaf wajen masu injin gogewa, metal ɗinsa ya tashi daga sitanda ya koma abin da ake kira ten ko twenti, wato an rage milimita 0.25 ko 0.50. Girman yana rubuce a bayan tsohon metal, a duba kafin a je kasuwa. Haka fistin da ringi idan an buɗe silinda. 4A-FE da 7A-FE na Carina E da tsohuwar Corolla faɗin silindarsu ɗaya, milimita 81, amma 7A ya fi tsayi, don haka taimin bel ɗinsu ba ɗaya ba ne. A ɗora tsohon a kan sabon a ƙirga haƙora. A 5S-FE na Camry mai siririyar fitila, idan bel ya tsinke mota tsayawa kawai take yi. A F23A na Honda, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, don haka kuskuren haƙori a can ya fi tsada.

Kan inji, wanda ake kira tof silinda, shi aka fi nema a Gombe, kuma dalilin a fili yake. Zafin Maris da Afrilu, lagireto da laka ta toshe, ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji, sai kuma al'adar cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Ni ban yarda da cire shi ba. A yawancin Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma ƙwaƙwalwa tana jiran wannan zafin kafin ta rage mai. Idan gasket ya ƙone, kafin a sayi wani kai a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan tsohon a auna. A 1ZZ da 2AZ, karkatar da ta wuce milimita 0.05 ta wuce iyaka. A 2AZ na shekarun farko a duba ramukan ƙusoshin kai a jikin bulok, musamman na baya, don zarensu kan zube bayan inji ya yi zafi, kuma sabon kai ba ya maganin wannan.

Ƙananan kaya kuwa da lambarsu ake sayensu. Lambar kayan Toyota goma ce, biyar da biyar. Biyar na farko suna faɗin ko mene ne: 90915 matatar baƙin mai, 22204 na'urar auna iska, 16100 famfon ruwa, 13568 taimin bel. Biyar na ƙarshe suna faɗin na wace mota ne. Akwai tarko ɗaya da nake so kowane mai Camry da Corolla da Sienna ya sani. Sensa iri biyu ne a kan hanyar hayaƙi, kamarsu ɗaya, zarensu ɗaya, wayoyinsu huɗu-huɗu. Mai farawa da 89467 tana auna haɗin iska da mai, mai farawa da 89465 ta iskar oksijin ce zalla. Kowace za ta ɗauru a ramin 'yar'uwarta, amma harshen da suke yi wa ƙwaƙwalwa daban ne. Nozul ma haka: launi da lambar da ke jikinsa suna nuna yawan man da yake fesawa, kuma na 2AZ a kan 1ZZ baƙin hayaƙi zai ba ka.

Ranar saye

Injinan da ke iso mana daga Ƙofar Ruwa a Kano suke zuwa, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Nkpor kusa da Anaca, kuma yawancin ciniki a waya ake ƙulla shi. Ka fara tura hoton lambar tsohon injinka, da na farantin mota, da na totur da soket-soket. Ka nemi a turo maka hoton lambar wanda za a aiko, a kusa, ana karanta ta, sannan ka rubuta ta a takarda don ka gwada idan ya iso. A yi magana a fili ko cikakke ne da tufafinsa ko rabi ne, da kwanakin gwaji, da wanda zai biya kuɗin mota idan aka mayar.

Idan ya iso, kafin a ɗaga shi, a buɗe murfin baƙin mai a haska: ƙarfe mai ruwan zuma alama ce mai kyau, baƙin dasƙararren maiko kuwa, wanda aka san 1MZ da shi idan an yi sakaci da juye, dalilin mayarwa ne. A cire fulogi a jera su a ga ko launinsu ya zo ɗaya. A sa sifana a kan fulin karanshaf a juya shi zagaye biyu, a ji ko yana tafiya ba tare da cijewa ba. Bayan an ɗora, a auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce wajen kashi 10 cikin 100. Tun inji yana ƙasa ake canza sil na gaba da na baya da bel da famfon ruwa, lokacin da aikin ya fi sauƙi. Idan ka ga an goge filin lambar da dutsen wuta, ko an sake buga haruffan a karkace, kada ka karɓa ko nawa aka rage maka. Ka karɓi rasit mai ɗauke da cikakkiyar lambar injin, ka je ofishin lasisin mota a gyara takardunka, don lambar tana cikin abin da jami'an duba motoci da 'yan sanda ke tambaya a hanya.

Injin Galaxy ɗin nan ya koma Kano a bayan wata motar kaya ta hanyar Dukku. Na biyun da aka aiko, kafin a sauke shi ƙasa bakaniken ya hau motar da tsumma da guntun alli, ya goge, ya murza, ya kira direban ya matso ya karanta da bakinsa. A, D, Y. Sannan ya ce wa yara su kawo sarƙa.